Wa Zan Damƙa wa Neman Izinin Gini a Gombe?

Tambaya: Wani bawan Allah ya ce ya sayi fuloti biyu a jere a Tumfure, ba nisa da titin Bauchi, yana son ya gina shaguna a ƙasa da gidajen haya a sama. Abin da ke hannunsa takardar ciniki ce mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Mutum uku ne suka nemi aikin fitar masa da izinin gini: wani matashi da ya iya zanen gida a kwamfuta, da wani da ya ce yana da mutane a ofis, zai gama komai cikin mako biyu, sai wani kamfani daga Abuja wanda kuɗinsa ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Yana tambayar wanda ya kamata ya ɗauka, da yadda ake gane ƙwararre na gaskiya.

Amsa: Alhaji, Allah ya sanya albarka a abin da ka nufa. Shawarata ta farko ita ce kada ka ba ko ɗaya daga cikinsu kuɗi tukuna. Ka kai kowannensu filin, ɗaya bayan ɗaya, ka yi shiru ka ji abin da zai tambaye ka. Wanda ya fara da ɗaki nawa kake so da irin kwanon da ya burge ka, ya tsallake inda aikin yake farawa. Wanda kuwa ya ce ka nuna masa takardun filin, ya nemi duwatsun iyaka, ya auna tazarar da ke tsakaninka da kwalta, ya ɗaga kai ya duba wayar wuta, ya tambayi maƙwabta inda ruwa yake bi a watan Agusta, shi ne ya cancanci ku zauna ku yi magana. A aikinmu na tsara birane, babban amfanin da ƙwararre zai yi maka shi ne ya iya duban idonka ya ce “wannan ba zai yiwu a nan ba” tun kuɗinka suna hannunka.

Dalilin da ya sa takardun filin suke zuwa gaban komai shi ne, mallakar fili daban, izinin gini daban, kuma na biyun a kan na farkon yake hawa. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ɗora ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da ni da kai muke samu haƙƙin zama ne na wani wa'adi, galibi shekara 99 idan gidan zama ne. A yankin da gwamna ya ayyana a matsayin birni, shi ne mai ba da wannan haƙƙi. Ƙaramar hukuma tana da hurumi ne a filayen karkara. Sashe na 22 na dokar ya kuma hana sayar da haƙƙin da gwamna ya bayar ko jinginar da shi ba tare da amincewarsa ba. To ka ga takardar mai unguwa tana da amfaninta, domin shaida ce cewa an yi ciniki kuma jama'a sun gani, amma ba ta gaya maka abin da gwamnati ta tanadi wurin dominsa. A Gombe harkar takardun mallaka tana hannun GOGIS, hukumar da aka kafa a zamanin Gwamna Muhammadu Inuwa Yahaya don mayar da bayanan filaye cikin kwamfuta, izinin gini kuma yana hannun hukumar tsara birane ta jiha, GOSUPDA. Garin ya daɗe da tsallake iyakar ƙaramar hukumar Gombe tun bayan da ya zama babban birnin jiha a 1996. Tumfure ɗin da kake magana a ƙaramar hukumar Akko take. Filaye da yawa a irin waɗannan wurare gonaki ne da masu su suka yanka da awon igiya, kuma a cikinsu akwai waɗanda suka faɗa kan hanyar da ke cikin taswirar gwamnati, ko filin makaranta, ko wurin da aka riga aka ba wani. Ƙwararren kirki zai sa safiyo ya ɗauki ma'aunin filin, a kai GOGIS a bincika matsayinsa, kafin a ja layi ɗaya na zane. Duk wanda ya ce maka a bar maganar takarda sai daga baya, ka sallame shi cikin mutunci.

Sai tambayar da nake so ka riƙe da kyau: sunan wa da hatimin wa za su hau kowace takarda? Aikin izinin gini ba na mutum ɗaya ba ne, kuma kowane fanni yana da majalisar da doka ta kafa don yi wa masu shi rajista da hukunta su. Taswirar fili aikin safiyo ne mai rajistar SURCON, wadda aka kafa a 1989. Zanen gini na akitek ne mai rajistar ARCON, wadda take nan tun 1969. Lissafin ƙarfin gini, wato kaurin rodi da yawansa, girman ginshiƙai, zurfin fandisho da kaurin dakin (shimfiɗar kankaren da bene yake hawa kanta), na injiniya ne mai rajistar COREN, wadda aka kafa a 1970. Rahoton nazarin wuri, wanda ke nuna yadda gininka zai zauna da titi da maƙwabta da tsarin unguwa, namu ne masu rajistar TOPREC ta 1988. Idan an zo aikin ginin kansa, akwai CORBON mai kula da ƙwararrun magina. Ba laifi mutum ɗaya ya jagoranci aikin ya tattaro sauran, hasali ma haka ya fi sauƙi a gare ka, kuma galibi akitek ne ko mai tsara birane yake yin hakan. Amma dole ya faɗa maka sunayen sauran, ya ba ka lambar rajistar kowa, kuma kada ya ji haushi don ka ce za ka bincika. Waɗannan majalisu suna riƙe da rajistar 'ya'yansu, ana iya tuntuɓarsu, kuma ƙungiyoyin ƙwararrun suna da rassa a jiha da za su gaya maka ko sun san mutum.

A nan akwai wani ruɗani da ke cin mutane da yawa. Zama ɗan ƙungiya, kamar NSE ta injiniyoyi ko NIA ta akitek ko NITP tamu, abu ne mai kyau, amma lasisin aiki daga majalisar rajista yake fitowa. Digiri ma haka. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da ke Bauchi ta yaye ɗimbin matasa a waɗannan fannoni, da yawansu haziƙai ne ƙwarai, amma bayan karatu sai mutum ya yi aiki a ƙarƙashin na gaba da shi na wasu shekaru, ya cika sharuɗɗan majalisa, kafin a ba shi hatimi. Ka kuma tambayi shaidar cewa lasisin yana raye a bana, domin sabunta shi ake yi. Amfanin duk wannan a gare ka ɗaya ne: mai rajista yana da abin da zai rasa. Idan ya yi sakaci kana da inda za ka kai ƙara, kuma ana iya soke sunansa. Wanda ba shi da rajista, ranar da bango ya tsage, sauya lambar waya kawai zai yi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya a wannan sana'a shi ne hayar hatimi. Wani ya yi zane a ɗakinsa, ya kai wa mai rajista, a biya shi ɗan wani abu ya buga hatimi a kan aikin da bai karanta ba, a kan filin da bai taɓa takawa ba. Takarda ta cika sharaɗi a ido, amma babu wanda ya yi lissafin komai. Ga mai gina ɗaki biyu da falo a ƙasa, wataƙila Allah ya rufa asiri. Kai kuwa bene za ka yi, iyalai za su kwana a sama, 'yan kasuwa da masu sayayya su cika ƙasa. Rayukan mutane ne za ka ɗora a kan wannan dakin. Maganin abin mai sauƙi ne. Ka ce kana son ganin injiniyan ido da ido, a filin. Ka tambaye shi ko za a yi gwajin ƙasa, kuma me ya dogara da shi wajen zaɓen irin fandishon da ya zana. Ka nemi takardun lissafin, ko da ba za ka iya karanta su ba. Wanda ya yi lissafi yana da su a ajiye, wanda ya kwafo zanen wani gini ya sauya suna zai fara kame-kame.

Ƙasar Gombe kuwa ba wadda ake gini a kanta da ka ba ce. Garin yana kwance ne a gangare, ruwa yana saukowa daga tudun Akko ta yamma ya ratsa unguwanni ya yi gabas, ƙasar kuma a wurare da yawa rairayi ce mai saurin zaizaya. Duk wanda ya ga kwarin da ya bi ta wajen Jami'ar Jihar Gombe da Malam Inna, ko na wajen Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ya san irin gidajen da ruwa ya ci, ya kuma san irin maƙudan kuɗin da aka zuba ta shirye-shiryen Bankin Duniya irin su NEWMAP da ACReSAL don tare ɓarnar. Kai da kake ta sama, ruwan rufinka da na harabarka idan ka shafe ta da siminti, kan na ƙasa da kai zai sauka. Saboda haka zanen da bai nuna inda ruwan sama zai bi ba, da inda sokawe zai zauna nesa da rijiya ko burtsatse, bai kammala ba. A wasu sassan jihar kuma, kamar wajen Deba, akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, wadda ke fasa bango komai kyan bulo. Mutumin da bai san waɗannan ba, ko ya san su bai damu ba, zai ba ka zane mai kyan gani wanda bai dace da wurinka ba.

Tunda ka ambaci kusanci da titin Bauchi, ga wani ma'auni da za ka gwada su da shi. Wannan titi na gwamnatin tarayya ne, kuma hurumin irin waɗannan tituna mita 45.72 ne daga tsakiyar titi ta kowane ɓangare. Duk abin da ka gina a ciki, ranar da aka tashi faɗaɗa hanya sai ya tafi. Wayoyin wuta ma suna da nasu hurumin: babban layi mai ƙarfin 330kV yana cin mita 50, wato 25 ta kowane gefe, mai 132kV kuma mita 30, kuma Gombe tana da babbar tashar rarraba wuta da irin waɗannan layuka suke shiga suna fita. Ka tambayi kowane ɗaya daga cikin ukun: bayan an cire hurumin titi, da tazarar da hukuma take so a bari a gaba da baya da gefe, da wurin ajiye motocin masu zuwa shaguna, nawa ne ya rage na gini? Fuloti biyu na ƙafa 50 da 100 sun kai kimanin murabba'in mita 900, amma abin da za ka iya rufewa da gini bai kai haka ba. Wanda ya ba ka amsa da alƙalami da takarda ya san aikinsa. Wanda ya ce “ai kowa a layin nan har bakin titi ya gina” yana gaya maka ne cewa ku duka za a shafa wa jan fenti rana ɗaya.

Akwai kuma maganar abin da aka ware unguwar dominsa. Idan filin na gidan zama ne a tsarin gwamnati, shaguna ba za su hau kansa ba sai an nemi sauya manufar amfani da shi, kuma wannan nema ne mai zaman kansa, da kuɗinsa da lokacinsa, ana iya amincewa ana iya ƙi. Ƙwararren da ya san aiki zai faɗa maka haka tun farko. Game da rahoton tasirin aiki a kan muhalli, kada wani ya tsorata ka da shi don ya ƙara kuɗi: dokar tsara birane ta tarayya ta 1992 ta ambace shi ne ga manyan ayyuka, kamar rukunin gidaje da ya wuce hekta 2, ko masana'anta, ko ginin ofisoshi da ya haura hawa huɗu. Da gidan mai za ka yi, da zancen ya sha bamban, don sai hukumar NMDPRA mai kula da harkar man fetur da 'yan kwana-kwana sun shigo. Jerin abin da ake buƙata ga irin naka ginin, ka taka da ƙafarka zuwa GOSUPDA ka karɓo shi, ka riƙe shi a hannu lokacin da kake ciniki da kowa.

Yanzu bari mu dubi mutanen naka. Matashin mai zane a kwamfuta ba abin rainawa ba ne, da yawa daga cikin zanen da manyan ofisoshi ke fitarwa irinsu ne suke zama su yi. Tambayar ita ce a ƙarƙashin wa yake aiki. Idan yana da akitek da injiniya masu rajista da suke duba aikinsa da gaske, kuma za su zo su zauna da kai, to da su za ka ƙulla yarjejeniya, shi kuma ya ci gaba da zanensa ya samu rabonsa. Idan shi kaɗai ne, kuma ya ce hatimi ba matsala ba ne zai samo, bene ya fi ƙarfinsa.

Na biyun, mai mutane a ofis, shi na fi jiye maka tsoro. Babu wanda yake wajen hukuma da zai iya yi maka alkawarin ranar fitowar izini, balle a kan filin da ko bincikensa ba a yi ba. Abin da irin wannan hanya take haifarwa sananne ne: ko takardar bogi wadda ba ta da fayil a ko'ina, ko izini na gaskiya amma na gida mara bene alhali kai bene za ka ɗora, ko kuma kuɗi su tafi a yi ta yi maka gobe-jibi har ka gaji ka fara gini haka nan. Kuma mutanen da yake taƙama da su ana yi musu sauyin wurin aiki, suna ritaya, gwamnati tana sauyawa. Fayil ne kaɗai yake zama. Ranar da ka je banki neman rance da ginin, ko ka tashi sayarwa, ko magada suka zo rabo, ko aikin hanya ya biyo ta kanka ana lissafin diyya, abin da ke cikin fayil shi za a duba. Haka nan ka guji ba da zane ga ma'aikacin da shi ne zai duba shi idan ya iso ofis, ko a wace hukuma yake. Mutum ba ya zama alƙalin aikin hannunsa, kuma idan abin ya tashi, kai ne mai gini a ƙasa.

Kamfanin Abuja kuma, tsadarsa ba hujja ba ce a kansa, ba kuma hujja ba ce a gare shi. Takardar rajistar kamfani ta CAC tana nuna cewa kamfanin yana nan ne kawai, ba ta nuna akwai injiniya a cikinsa. Ka yi musu tambayoyin da ka yi wa sauran, ka ƙara da ɗaya: wane aiki suka taɓa fitar wa izini a Gombe? Wannan yana da muhimmanci saboda tun 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane da ba da izinin gini hurumin jihohi ne. Kowace jiha da ƙa'idojinta da kuɗaɗenta da yadda take karɓar takardu. Wanda ya goge da ofisoshin Abuja yana iya zuwa nan ya zama baƙo, ya ɗauki wani ɗan gari ya yi masa zirga-zirgar, kai kuma ka biya kuɗin mutum biyu. Idan sun nuna maka gini biyu ko uku a cikin gari, ka je ka gani, ka sami masu su ka tambaye su abu biyu: shin an taɓa tsayar musu da aiki, kuma shin mutanen nan sun ci gaba da ɗaukar waya bayan an gama biyansu? Kada kuma ka ɗauka dole sai cikin ukun nan; akwai masu rajista da ofisoshinsu a Gombe da Bauchi da za ka iya nema su ba ka farashi ka kwatanta.

Duk wanda ka tsayar, a rubuta. Yarjejeniyar ta bambanta ladan aikinsa da kuɗin gwamnati, kada a dunƙule maka su wuri ɗaya a ce “kawo kaza mu gama komai”, domin a cikin dunƙulen nan ake ɓoye abubuwa. Kuɗin gwamnati hukuma ce take ƙiyasta su a rubuce, a biya ta banki a asusun gwamnati, rasit ya fito da sunanka. Fayil ma da sunanka za a buɗe, ka san lambarsa, ka iya zuwa da kanka ka tambayi inda ya kwana. Takardunka na asali su zauna a wurinka, kwafi za ka bayar, in an buƙaci ganin na asali ka kai da hannunka. Ladansa kuma a biya shi kashi-kashi: wani bayan binciken fili da awo, wani bayan kammala zane, wani bayan shigar da takardu, ragowar sai izini ya fito. A rubuta cewa idan hukuma ta dawo da zanen don gyara, gyaran yana cikin kuɗin da aka yi. Na san a wurinmu mutum yana jin nauyin neman rubutu daga wanda aka haɗa su ta hannun ɗan'uwa ko abokin arziki, amma ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ƙwararren gaske shi ma ya fi son a rubuta, don yana kare shi daga mai aikin da zai yi ta sauya ra'ayi.

Abu na ƙarshe da za ka sa a yarjejeniyar shi ne duba aiki. Izini yana da wa'adi, a dokar tarayya ta 1992 shekara biyu ne idan ba a fara gini ba, don haka ka karanta abin da aka rubuta a naka, kada ka karɓe shi ka ajiye sai kuɗi sun taru. Kuma izinin na zanen da aka buga wa hatimi ne kaɗai. Idan birkila ya ce a ƙara shago ɗaya a inda aka bar wa motoci, ko ɗan kwangila ya ce rodi mai milimita 12 zai wadatar a inda injiniya ya rubuta 16, ka fita daga abin da aka amince maka. Ka ajiye kwafin zanen mai hatimi a wurin aiki, ka kuma sa a rubuce cewa injiniyan zai zo da kansa ya duba ramin fandisho kafin a zuba kankare, ya duba ɗaurin rodin ginshiƙai, ya sake dawowa ranar da za a zuba dakin, kuma kowane zuwa ya sa hannu a littafin aiki.